Babban Yatsan Ƙafa Da Makomar Ɗan Wasa: Yadda Ake Komawa Fili Bayan Aikin Haɗe Gaɓa



Wakilan masu martaba sarakunanmu, shugabannin gundumomi, malamai, ma'aikatan kiwon lafiya, sarakunan kokowa da makaɗansu, masu horar da ƴan tamaula, iyayenmu mata, samari da ƴan mata da kuka taso daga Ƙonni da Malbaza da Illela, ina gaishe ku gaisuwar girma, ina kuma yi muku barka da zuwa.

Batun da aka ɗora mini in yi magana a kansa ƙarami ne a ido. Gaɓa ɗaya ce tak daga cikin gaɓoɓin jikin ɗan Adam, wato gaɓar da ke gindin babban yatsan ƙafa. Wani zai ce me ya kai taron manya irin wannan ga zancen yatsa, alhali ga tsadar hatsi, ga matsalar tsaro, ga rashin aikin yi? Amsa ita ce, a ƙasa irin tamu, inda mafi yawan jama'a da ƙafa da dantse suke ciyar da iyali, duk abin da ya hana mutum taka ƙasa ya taɓa tukunyar gidansa. Ɗan kokowar da yatsa ya kwantar, shi ne manomin albasar da ba zai shiga garka ba, shi ne ɗan kabu-kabun da ba zai hau babur ba. Saboda haka zancen na lafiya ne, na tattalin arziki ne, kuma a ƙarshensa za ku ga yana da hannu a cikin sha'anin mulki.

ABIN DA WANNAN GAƁA TAKE YI

Ƙafar mutum, daga idon sawu zuwa ƙasa, tana da ƙasusuwa 26. Kowane yatsa yana da ƙashi uku, in ban da babban yatsa mai ƙashi biyu. A inda ƙashin gindin babban yatsa ya sadu da dogon ƙashin tafin ƙafa, nan gaɓar da muke magana take. Bakin kowane ƙashi a lulluɓe yake da guringuntsi mai santsi, domin su riƙa zamewa a kan juna ba tare da gogayya ba. A ƙarƙashin gaɓar kuma akwai wasu ƙananan ƙasusuwa biyu, kowanne kamar ƙwayar wake, da jijiyoyi ke bi ta kansu.

Duk lokacin da mutum ya ɗaga diddige zai yi taku, wannan gaɓa ce ke lanƙwasawa sama, ita ce kuma ta ƙarshe da ke tura jiki gaba kafin ƙafa ta rabu da ƙasa. Ku dubi ɗan kokowa sa'ad da ya duƙa ya kafa ƙafa cikin rairayi yana ture abokin karawarsa, ko mai langa da ke tsalle da ƙafa ɗaya, ko ɗan tamaula da ya yi kwana da gudu. Dukkansu a kan wannan gaɓa suke dogara.

Idan guringuntsin ya cinye, ƙashi ya koma yana gugar ƙashi, sai ciwo ya kama, wani tsiron ƙashi ya fito a saman gaɓar, yatsa ya sandare. Likitocin Ingila sun bayyana wannan cuta tun a ƙarshen shekarun 1880. Abubuwan da ke kawo ta sun haɗa da gado, da tsufa, da tsohon rauni: tuntuɓe mai ƙarfi, karayar da ta shiga cikin gaɓa, haɗarin babur, ko lanƙwashewar yatsa a fagen wasa wadda aka raina aka ci gaba da taka ta. Akwai kuma cututtukan amosanin gaɓɓai da ke lalata ta. Kada kowa ya raina wannan rauni. Gary Lineker na Ingila, wanda ya fi kowa cin ƙwallo a gasar cin kofin duniya ta 1986 da ƙwallo 6, ciwon yatsan ƙafa ne ya addabe shi a ƙasar Japan har ya ajiye wasa a 1994.

MENE NE AIKIN HAƊE GAƁA?

Tun farko ya kamata a sani, ba kowane ciwon babban yatsa ne ke kai mutum ɗakin tiyata ba. Wani magani ya ishe shi, wani sauya takalmi, wani kuma a kankare masa tsiron ƙashin kawai a bar masa gaɓarsa tana motsi. Sai gaɓa ta lalace sarai, ciwo ya hana barci da tafiya, sannan likitan ƙashi yakan kawo shawarar a haɗe ta.

Yadda ake aikin shi ne, likita ya buɗe gaɓar, ya kankare ragowar guringuntsin har ya kai ga lafiyayyen ƙashi mai jini, ya haɗa bakin ƙasusuwan biyu, ya ɗan ɗaga kan yatsan sama kaɗan daga ƙasa domin tafiya ta yi sauƙi, sa'an nan ya ɗaure su da kusoshi masu murɗi, ko da ɗan faifan ƙarfe da kusoshi. Daga nan sai jiki ya ɗauki nasa aikin, ya yi ta gina sabon ƙashi a tsakani har ƙasusuwa biyu su zama ɗaya. Ciwon yakan tafi ne saboda ba sauran abin da ke gugar wani.

Akwai abubuwa uku da nake roƙon kowa ya riƙe. Na ɗaya, ƙarfen da aka sa ba shi ne waraka ba. Aikinsa irin na karan ɗori ne, riƙo kawai yake yi kafin ƙashi ya kama. In ƙashi bai kama ba, komai ƙarfin ƙarfen wata rana zai karye, kamar yadda waya ke tsinkewa in an yi ta lanƙwasa ta. Na biyu, wannan gaɓa ta daina motsi ke nan har abada, kuma abin da aka nufa ke nan tun farko. Na uku, ƙaramar gaɓar da ke kusa da farce tana nan tana motsi, haka idon sawu da sauran yatsu, kuma su ne za su raba aikin da babbar ta bari.

SHIN ANA KOMAWA WASA?

Ana komawa. Misali mafi shahara shi ne Lleyton Hewitt, ɗan wasan tanis na Ostareliya, wanda ya zama na ɗaya a duniya a 2001 yana ɗan shekara 20, ya kuma ci gasar Wimbledon a 2002. Ciwon babban yatsan ƙafarsa ta hagu ya matsa masa har aka haɗe masa gaɓar da faifan ƙarfe da kusoshi a watan Fabrairun 2012. A ƙarshen watan Mayun shekarar ya koma fili a gasar Faransa. A Janairun 2014 ya doke Roger Federer a wasan ƙarshe na gasar Brisbane ya ɗauki kofi, kuma bai ajiye wasan ɗai-ɗai ba sai a 2016. Bai sake zama na ɗaya a duniya ba, amma ya yi shekara huɗu yana karawa da manyan duniya da yatsan da ba ya lanƙwasawa.

Binciken likitoci ma ya tafi a kan haka. Wani da aka buga a Amurka a 2005 ya nuna cewa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin, kashi 75 cikin 100 na masu gudun motsa jiki sun koma gudunsu, haka kashi 75 na masu tanis, da kashi 92 na masu doguwar tafiyar ƙasa. Wani kuma na 2019, daga wani babban asibitin ƙashi na birnin New York, ya bi mutum 50, kashi 96 cikin 100 suka ce sun gamsu da yadda suka koma wasanninsu.

To amma mu auna waɗannan alƙaluma da mudun garinmu. Mafi yawan mutanen da aka bincika masu wasan nishaɗi ne, kuma da takalmi suke wasa. Hewitt yana da likitoci da masu gashin ƙashi da masu ƙera masa takalmi na musamman. Ɗan kokowar Tsarnawa ko na Badagishiri ba takalmi yake shiga fili da shi ba, kuma da ya fito fili gona ce ke jiransa. Saboda haka haƙurin da ake nema gare shi ya fi na Hewitt yawa.

MATAKAN KOMAWA

Kowane majinyaci da irin umarnin da likitansa zai ba shi, kuma umarnin likitan da ya ga ƙashin da idonsa shi ne gaba da duk abin da zan faɗa. Amma ga yadda tafiyar takan kasance.

Mako biyun farko na kwanciya ne. A ɗora ƙafa bisa matashi ta fi ƙirji tsawo, kada ruwa ko ƙura su taɓa ciwon. Wajen kwana 14 akan cire zare. In aka ga ruwa ko mugunya na fita, ko wari, ko zazzaɓi, ko ƙwauri ya kumbura yana ciwo, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa a samu mota.

Daga nan zuwa mako shida, majinyaci yana cikin takalmi mai taurin ƙasa wanda ba ya lanƙwasawa, yana taka diddige gwargwadon yadda aka yardar masa, da sanda in da bukata. Ɗan wasa ba zai zauna haka kawai ba. Yana iya motsa dantse da kafaɗa da ciki da baya a zaune ko a kwance, ya riƙa ɗaga ƙafa a miƙe domin kada naman cinya ya zube.

A mako na shida akan ɗauki hoton ƙashi. Hoton ne ke ba da izini, ba rashin jin ciwo ba, domin ciwo yakan riga ƙashi warkewa. In hoto ya nuna ƙashi na kamawa, sai a koma takalmi mai faɗin baki da taurin ƙasa, a fara tafiya kaɗan-kaɗan a shimfiɗaɗɗen wuri, a fara tuƙa keke ana danna feda da tsakiyar ƙafa. Littattafan Turawa sukan ce a yi iyo a wannan lokaci. A nan sai mu yi hattara, domin ruwan da muke da shi na tabki ne da na madatsa da na hanyoyin ban-ruwa, inda ake ɗaukar tsargiya, kuma sabon tabo ba ya son ruwa mai datti.

Wajen wata uku, ƙashin yawancin mutane ya kama. Lokacin tafiya da sauri ke nan, da koyon tsayuwa da ƙafa ɗaya, da ɗaga diddige ana dafe da bango domin ƙarfafa naman ƙwauri. Tsakanin wata huɗu da wata shida, in hoto ya tabbatar, sai a fara sassarfa: a yi gudu kaɗan, a yi tafiya, a sake, a huta kwana ɗaya a tsakani, a ƙara nisa sannu a hankali. Tsalle, da kwana da gudu, da bugun tamaula, da kokowa, su ne na ƙarshe, ba a kusantar su kafin wata shida, wani ma sai ya haura haka. Kumburi kuwa yana iya kai shekara yana zuwa yana tafiya.

Kafin mai horarwa ya mayar da yaro fili, ya gwada shi da abu huɗu. Ya yi tafiyar rabin awa ba ɗingishi. Ya tsaya da ƙafar da aka yi wa aiki ita kaɗai ba tangaɗi. Ya yi tsalle a kanta ba tare da ya yamutsa fuska ba. Kuma washegari da safe ƙafar ba ta fi jiya kumburi ba. In ɗaya ya gaza, a koma matakin baya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

ABUBUWAN DA KE ƁATA AIKIN

A wajen kusan mutum ɗaya cikin goma, ko ƙasa da haka, ƙashin ba ya kamawa. Dalilan sanannu ne, kuma mafi yawansu a hannunmu suke.

Na farko taba. Sigari, da tabar da ake ci, da wadda ake shaƙa, duk suna ɗauke da sinadarin da ke matse ƙananan hanyoyin jini, ƙashi kuwa da jini yake ginuwa. Wanda zai yi wannan aiki ya bar taba tun makonni kafin ranar, ya kuma ci gaba da barinta.

Na biyu ciwon sukari da ba a kula da shi ba, domin yana jinkirta warkewar ciwo yana kuma buɗe ƙofar ruɓewa. A auna jini kafin aiki.

Na uku ƙwayoyi. Ba ɓoyayyen abu ba ne yadda tramol ya shiga tsakanin samarinmu, a tasha da gona da fagen wasa. Ciwo ɗan aike ne da jiki ke turowa ya ce a dakata. Wanda ya haɗiyi ƙwaya ya rufe bakin ɗan aiken ya shiga fili, yana iya karya kusoshin bai sani ba sai ƙwayar ta sake shi. Duk maganin da ba likita ya rubuta ba, a bar wa mai tallarsa.

Na huɗu, ina magana da girmamawa ga iyayenmu masu ɗori, waɗanda suka daɗe suna taimakon jama'a a inda babu asibiti. Yatsan da aka haɗe ba targaɗe ba ne. Ba a jan shi, ba a murɗa shi, ba a gasa shi da ruwan zafi don ya saki. Sandarewarsa ita ce lafiyarsa. Mai ɗorin da ya ga tabon tiyata a gindin babban yatsa, taimakon da zai yi shi ne ya mayar da majinyaci ga wanda ya yi aikin.

Na biyar yunwa. Ƙashi yana son abin gini: nono, wake, ƙwai, kifi, nama in an samu, da ganye irin zogale. Fura da nono da muke da ita ba abin rainawa ba ce a nan.

RAYUWA BAYAN AIKI

Akwai abin da ba ya dawowa, kuma gaskiya ce a faɗa wa mutum tun kafin a kwantar da shi. Tsugunawa a kan yatsu za ta yi wuya, sai a koyi tsugunawa da tafin ƙafa a shimfiɗe. Masu dashen albasa a Galmi da fadamun Maggiya, da masu aiki a filayen noman rani na Ƙonni, su nemi ɗan kujera ko su durƙusa bisa buhu. A wajen sujada da zaman tahiya, yatsan ba zai lanƙwashe yadda ya saba ba, kada a tilasta shi. Malamanmu suna nan, sun san sauƙin da addini ya yi wa mai lalura. Mata kuma su haƙura da takalmi mai dogon diddige. Silifa mai taushi ba ta dace da doguwar tafiya ba. Abin da ya dace shi ne takalmi mai taurin ƙasa wanda gabansa ya ɗan tashi kamar gindin kwalekwale, yadda ƙafa za ta mirgina a kansa. Dukawanmu suna iya yin irinsa in an nuna musu.

Ɗan kokowa kuwa sai ya sake koyon tsayuwa. Zai rage dogara da kan yatsu, ya ƙara dogara da tafin ƙafa da cinya da ƙugu, wataƙila ya sauya ƙafar da yake sa wa gaba. In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya kuma yi lissafin lokaci. A ƴan shekarun nan a ƙarshen shekara ake gasar takobi, zaɓen ƴan kokowar gundumomi da na jaha kuma yana gabanta. Wanda aka yi wa aiki bayan damina ta faɗi, ya cire ransa daga takobin wannan shekara. Rasa shekara ɗaya ya fi rasa ƙafa. Manomi ma haka: ya zauna da likita su dubi lokacin da ba shuka, ba girbi, ba dashen albasa, tun da ba aikin gaggawa ba ne.

ABIN DA YA RATAYA A WUYAN HUKUMA

Jama'a, duk abin da na lissafa yana bukatar abu uku: likitan ƙashi, na'urar ɗaukar hoto, da mai koya wa majinyaci motsa jiki. Mutumin wannan yanki da ke neman ƙwararren likita, ko dai ya nufi asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, ko babban asibitin jaha a Tawa, ko Maraɗi, ko ya yi tafiyar sama da kilomita 400 zuwa Yamai, ko ya tsallaka iyaka zuwa Sakkwato ko asibitin ƙashi na Dala a Kano. Rufe iyakar da aka yi a 2023 ya nuna mana haɗarin jingina lafiyarmu da ƙofar da mabuɗinta ba a hannunmu kaɗai yake ba. Kuma ba tafiya ɗaya ba ce: akwai ta aiki, akwai ta cire zare, akwai ta hoto sau biyu ko uku. Kuɗin mota kaɗai ya isa ya sa talaka ya yanke zuwa, ya koma gona da ƙashin da bai kama ba.

A nan Tawa aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama sarki na farko. Tun daga lokacin babu gwamnatin da ba ta zauna a rumfar manya ta yi tafi ba, ta soja da ta farar hula. Ana ba wanda ya yi kaye takobi da kuɗi da doki, wannan daidai ne. Tambayata ita ce, wa ke tambayar wanda aka ɗauke daga fili yana ɗingishi a kokowar ƙauye bayan girbi? A 2001 shugabannin Afirka sun yi alkawari a Abuja za su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin kiwon lafiya. Haƙƙin ƴan ƙasa ne su riƙa tambaya kowace shekara ina aka kwana.

Ga abin da nake ganin za a iya yi ba tare da jiran taimakon waje ba. A tabbatar kowane asibitin gunduma yana da na'urar hoton ƙashi mai aiki, da wuta, da mai sarrafa ta, domin wanda aka yi wa aiki a nesa ya yi hotonsa a kusa. A kawo masu gashin ƙashi asibitocin gundumomi, ko da rana ɗaya ce a mako. Kada a buɗe filin kokowa ko gasar tamaula sai da ma'aikacin lafiya a gefe mai ikon cewa wane ba zai shiga ba. A cire wani kaso daga kuɗin shiga fili da gudummawar masu hannu da shuni a kafa asusun jinyar ƴan wasa, a riƙa karanta lissafinsa a bainar jama'a. Masu kamfanoni da manyan ƴan kasuwar albasa da ke manna sunayensu a filayen wasa, su sa hannu a wannan asusu.

Ku kuma masu horarwa da makaɗa da magoya baya, kuna da naku kason. Kirari da zuga su ke tayar da ɗan kokowa, su ne kuma ke iya tura shi fili kafin lokaci don gudun a ce ya ji tsoro. Wanda ya zauna wata shida yana bin umarnin likita ba rago ba ne, ku faɗa masa haka a gaban jama'a, ku kuma riƙe masa gurbinsa har ya dawo.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya kare ƴan wasanmu, Ya ba shugabanninmu ikon sauke nauyin da ke kansu, Ya mai da kowa gidansa lafiya.